Sassauta Riƙo

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa taram a Olomouc,
daga duhun asuba har fitilun titi su kama.
Ran da na miƙa makulli, hannuna ya rasa abin riƙewa.
Ga ɓeraye sun gaje rumfar Vendelin a ƙarshen lambu,
suna cin irin waken da ya adana kafin ya kwanta dama.

Wata Talata, ƙanƙara na narkewa a kan takalmina,
na tura ƙofar kantin Bohumil.
Warin mai da tsohon katako.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Ta huda takarda kike so, ko ta ɓarayin rumfa?"
Na ce, "Duka biyun, kuma fansho ba ya da ƙiba."

Ya sauko da bindigar iska uku, ya jera kan koren ƙyalle.
Ta fari mai tulu ce, sai an bi ta da famfo da tiyo.
Na ce na gaji da injin da ke roƙon wani inji.
Ya mayar da ita ƙusarta yana dariya.
"To, ga masu sifirin. Ƙarfinki ne abincinsu.
Ki karya baki, ki ɗana, ki sa ƙwayar dalma,
ba ki nemi alfarmar kowa ba."

Ta biyu baƙa ce, ƙatuwa, wai tana fasa katako.
Na kafa ta a cinya, na ja, na ƙara ja,
ba ta ɗanu ba sai da kafaɗata ta yi ƙara.
Ya ce, "Ɗaya ke nan. Lissafa sittin a yamma guda.
Lambar jikin kwali ce ke sayar da ita,
wata biyu ka same ta bayan kabad tana tsatsa."

Ta uku an taɓa mora, da tabo a gindinta,
kilo uku, ƙwaya mili huɗu da rabi.
Na ɗana ta kamar mai rufe ƙofar kicin.
Kunamarta ba ta gardama, ba ta kuma rawar kai.
Na tambayi madubin hange, ya girgiza kai:
"Sifirin na dukan gaba da baya, mai araha ba ya kwana.
Fara da idonki, Květa."

Muka sauka ɗakin ƙasa. Mita goma, farar takarda,
baƙin ɗigo kamar maɓallin riga.
Na damƙe ta yadda na saba damƙar birki a gangara.
Harbi biyar, huda biyar,
kowace ta kama gabanta kamar 'yan kasuwar da ta watse.

"Ba laifinta ba ne," in ji shi.
"Tana motsi tun ƙwaya ba ta bar baki ba.
In kin shaƙe ta, yau ta zille hagu, gobe dama.
Buɗe tafi, ki bar ta ta kwanta.
Ba riƙon sakainar kashi ba,
riƙon wanda ya yarda abu zai motsa."

Na yi shiru.
Haka na riƙe hannun Vendelin a asibiti, gam,
har yatsunsa suka yi fari, bai ce komai ba.

Na buɗe tafi. Na saki rabin numfashi.
Ta zabura, na ƙyale ta.
Ta huɗu da ta biyar suka shiga ƙofa ɗaya.

Na biya, da gwangwanin dalma iri uku,
don kowace bindiga da ƙwayar da take sha'awa.
Na hau taram da dogon kwali, a kujerar fasinja.

Yanzu duk Laraba ina ƙarƙashin ofishin 'yan kwana-kwana,
tsakanin wani likitan haƙori da yarinya 'yar sha huɗu
da ke cinye mu ba ta ko ɗaga gira.
Ɓerayen kuwa, kyanwar maƙwabta ta riga ni.
Na toshe ramin da siminti,
na liƙa takarda a ƙofar rumfa,
waken da ya rage na shuka shi a bazara.